Adalci Ga Yaron da Aka Ce Ba Ya Ji

Akwai tambayar da iyaye mata da yawa ke ɗauke da ita a zuci, ba sa iya furta ta ko a gaban mazajensu: idan na kai ɗana wurin likitan ƙwaƙwalwa saboda halinsa ya gagare ni, na nuna raunin imani ke nan? Na ƙi karɓar abin da Allah Ya ba ni? Ni uwa ce, ina kuma koyarwa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Zariya, na daɗe ina juya wannan tambaya saboda ɗana na uku. Amsar da na tsaya a kanta ita ce, neman sanin abin da ke damun yaro yana cikin adalcin da Allah Ya ɗora wa iyaye. Duk mai yanke hukunci a kan wani, wajibi ne ya fara sanin iyakar ƙarfin wanda zai hukunta. Uwa da uba kuwa kullum cikin yanke wa ɗansu hukunci suke, tun daga tashin asuba har kwanciya.

Yaron nan tun yana rarrafe ya bambanta da yayyensa. Da ya tashi tafiya, da gudu ya fara. Katanga, kan randa, bayan babur ɗin baƙo, babu inda ba a sauko da shi ba. Idan na aike shi sayo magi da gishiri a shagon bakin layi, sai an sauke tukunya zai dawo, ba magi, ba canji, takalmi ƙafa ɗaya, kuma da gaske bai san inda kuɗin suka shiga ba. A makarantar boko ba ya iya zama a benci har a gama darasi guda. Yana ba da amsa kafin malama ta ƙarasa tambaya, ya fizge fensirin na kusa da shi, ya ture wanda ya riga shi shiga layi. A makarantar allo ana biya masa aya zai riƙe ta nan take, amma kafin a kai ta biyu hankalinsa ya koma kan ƙadangaren da ke bin bango. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan ya yi ɓarnar. Zai zo ya lafe a jikina yana kuka, ya ce, "Umma, wallahi na ce ba zan sake ba, ban san yadda aka yi ba." Yaron da ke jin daɗin ɓarna ba ya irin wannan kuka.

Jama'a suka rabu kashi uku a kansa. Na farko suka ce sangarta ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da suke nufi kuwa bulala. A makaranta ya sha ta ba adadi, amma ba ta ƙara masa zama ba. Abin da ta koya masa shi ne ɓoye littafi da ƙaryar ciwon ciki ranar Litinin. Na biyu suka ce iska ce. Surukata, wadda ke son jikan nan nata kamar ranta, ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, wannan ƙiriniya ba ta banza ba ce. Kin tabbata ba ki yi wanka da magariba ba sa'ad da kike da cikinsa?" Ta kawo rubutu, ta kawo turaren hayaƙi da man habbatus sauda. Na uku, masu taushin murya, suka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri, girma zai raba shi da ita.

Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Yaro yana buƙatar tarbiyya. Aljanu gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani. Yarda da ƙaddara kuwa rukuni ne na imani. Sai dai duk ukun sun haɗu a wuri ɗaya: an yanke magana ba tare da an zauna an dubi yaron kansa ba. Biyun farko kuma, in aka bi su a hankali, kan uwa suke saukewa. Ko dai ta kasa tarbiyya, ko ta yi sakaci da cikinta.

Ƙanwar maigidana ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa a kai shi sashen yara na asibiti. Maigida ya yi jim ya ce, "Yanzu asibitin mahaukata za a kai mini ɗa?" Ban ga laifinsa ba, domin ya san garin da muke ciki. Magana ɗaya in ta fita, tana iya biyo 'yan'uwan yaron mata har ranar da za a zo neman aurensu. Amma ya yarda muka je. Likita bai yi gaggawar sanya wa abin suna ba. Ya sa aka gwada jinsa da ganinsa, domin yaron da kunnensa ba ya ɗauka sosai yakan yi kama da mai taurin kai. Aka duba jininsa. Ya tambaye ni ko yaron ya yi kuka nan da nan da aka haife shi, ko ya yi shawara a kwanakin jego, ko ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko yana samun isasshen barci. Ya gaya mini akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, sai dai yaro ya ƙame na 'yan daƙiƙu kamar mai tunani, a ɗauka shashanci ne. Ya ba mu takardun tambayoyi, ɗaya mu cike, ɗaya malamarsa ta cike. Bayan an tattara komai, likitan ƙwaƙwalwa ya ce larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi ce, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD.

Bayanin da aka yi mana shi ne, sassan ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya dakata kafin ya aikata, ya jira layinsa, ya riƙe saƙo a ransa har ya isar, suna jinkirin ƙwari a irin waɗannan yara. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da ita, kuma an fi gano ta a maza. Gado yana da hannu sosai a cikinta. Da maigida ya ji haka sai ya tuna da wani baffansa da har yau ake ba da labarin ƙiriniyarsa a gidansu. Kuma ba kowane yaro mai ƙiriniya ake sanya wa wannan suna ba. Sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da karatun yaro ko zamansa da mutane.

A nan ne abin da nake koyarwa kullum ya dawo mini da sabuwar fuska. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta kafa ƙa'idar cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma hukunce-hukunce da yawa na fiƙihunmu a kanta suka ginu. Sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya ba shi damar yin sallah a zaune in ya kasa tsayuwa, a kwance in ya kasa zama. Ba a ɗauke masa sallah ba, an dai auna ta da ƙarfinsa. Matafiyi yana ƙasaru, mara lafiya yana ajiye azumi, wanda ruwa zai cutar yana taimama. Hadisi ya kuma sanar da mu cewa ba a rubuta laifi a kan mai barci, da yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe. To, idan Mahaliccin yaron nan bai buɗe masa littafin laifi ba, kuma ko manya Yana auna musu umarni da ƙarfinsu, da wane dalili ni zan nemi yaro ɗan shekara takwas ya zauna awa biyu babu motsi, alhali ban bincika ko yana iyawa ba? Dukan wanda ya ƙi daban, dukan wanda ya kasa daban. Na biyun zalunci ne ko da mai yin sa yana ƙaunar wanda yake duka, kuma babu hanyar rarrabe su sai da ilimi.

Akwai labarin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA), wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro. Wata rana aka aike shi, ya tarar da yara suna wasa a hanya, ya tsaya. Can sai ya ji an kama ƙeyarsa ta baya. Da ya waiwaya sai ya ga Annabi (SAW) yana dariya, ya kira shi da sunan lele, ya tambaye shi ko ya je aiken. Anas ya shaida cewa a duk shekarun nan bai taɓa jin tsawa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Ba ina cewa Anas yana da wata larura ba ne, yaro ne kamar kowane yaro. Abin lura shi ne aiken bai faɗi ba, an tuna masa, ya tafi, kuma mutuncinsa bai zube ba. Duk uwar da ta taɓa tsayawa a ƙofar gida tana jiran magi ta san nauyin wannan dariya.

Malaman mazhabarmu ma ba su bar bulala sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman makaranta, inda ya hana malami wuce bulala uku sai da izinin uba, ya kuma soki dukan da fushi ke jawowa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa zuciya, tana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Ƙaryar ciwon cikin ranar Litinin da na gani a gidana, wannan malami ya riga ya bayyana tushenta tun fiye da shekara 600 da suka wuce.

Masu cewa zuwa asibiti raunin tawakkali ne, Sayyidina Umar (RA) ya riga ya ba su amsa. Lokacin da annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, ya juya da tawagarsa daga Sarg bai shiga ba. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi ɓangaren kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Larurar ɗana ƙaddara ce, haka ma likitan da ya gano ta, da ilimin da aka ba likitan. A ƙasarmu ta Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu, har da basir da ciwon ido, kuma ba mu ji wanda ya ce imaninsa ya ragu ba. Haƙurin da aka yabi masu shi a Alƙur'ani ya ƙunshi jure wahalar neman mafita: kuɗin mota, layin asibiti, da komawa gaban malamar aji a sake yi mata bayani.

Batun iska kuwa, ni ina tofa wa ɗana Falaƙi da Nasi kowane dare, ina yi masa addu'ar tsarin da Annabi (SAW) ke yi wa jikokinsa Hasan da Husaini, kuma ba zan daina ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Inda na ja layi shi ne wurin da aka ce a ɗaure yaro, ko a zane shi da sunan ana dukan aljani, ko a turara masa hayaƙi har numfashinsa ya sarƙe. Mun ga ƙarshen wannan hanya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka gano irinsa a Daura. Mafi yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, saboda sun gaji kuma ba su san wata ƙofa ba. Nakan tambayi kaina, yara nawa ne a cikinsu suka fara kamar nawa, da ɓatar da kuɗin aike da kasa zama a aji, aka yi ta duka har zuciya ta bushe, suka bar makaranta, suka faɗa hannun masu ƙwaya? Akwai wata ƙofa kuwa: tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa ana iya kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin gari tare da danginsu, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya cikin mutunta juna. Malamin ruƙiyya mai tsoron Allah zai iya yin addu'arsa, sannan ya ce wa uwa, "Baiwar Allah, ki kuma kai shi asibiti."

Wasu suna cewa wannan duk ƙirƙirar Turawa ce, don a nema wa sangartattun yara uzuri. Tarihi ya nuna su ma Turawan da zargi suka fara. A 1902 likitan yara George Still ya bayyana irin waɗannan yara a Landan, ya ɗauki abin a matsayin naƙasa a wajen kame kai daga mugun hali. A Amurka kuma an shafe shekaru ana cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo larurar otizim, wadda wasu a nan ke kira galahanga, har bincike ya rushe wannan zargi bayan ya ƙona zukatan mata masu yawa. Mu kanmu muna da shaidar cewa abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana taɓa hali. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Dalma tana raunana natsuwa da fahimtar yaron da ya tsira daga ita. Waɗannan yara sun girma yanzu, kuma duk wanda ya ga ɗayansu ya kasa karatu ya ce lalaci ne, ya zalunce shi.

Tsoron kada suna ya zama uzuri tsoro ne mai tushe, na kuma ɗauke shi da gaske. A gidanmu sanin larurar bai ɗauke wa yaron tarbiyya ba, salonta ya canza. Yanzu in zan ba shi umarni sai na dafa kafaɗarsa, ya dube ni, in faɗi abu ɗaya tak, ya maimaita mini. Aike ɗaya, kaya ɗaya. Kafin ya zauna karatu sai ya yi gudu ya buga ƙwallo. Hadda yana yin ta a tsaye, yana kai da kawo a tsakar gida, aya biyu a huta, kuma ta fi zama. Sabuwar malamarsa, Allah Ya saka mata da alheri, ta dawo da shi bencin gaba, ta ba shi aikin goge allo da raba littattafai, motsin da ake dukansa a kai ya zama hidima. In ya yi daidai ana yaba masa nan take. In ya yi ɓarna kuwa ba a kau da kai. Ranar da ya fasa wa maƙwabciya tulu, da ƙafarsa ya je ya ba da haƙuri, daga asusunsa aka biya. Likita ya gaya mana akwai magani, irin su Ritalin, da ake ba yaran da suka kai shekara 6, wanda kan rage cin abinci ya kuma taɓa barci, don haka sai da takardar likita da bibiyar nauyin yaro da tsayinsa. Mu har yanzu da horo muke tafiya, amma na san iyayen da maganin ya dawo da 'ya'yansu aji, ba na kuma ganin laifin wanda ya bi ko wace hanya da shawarar masani. Yaron bai warke ba. Akwai ranakun da nake rufe ɗaki in yi kuka. Amma ya daina cewa shi mugu ne.

Sauran tambayar da ke zuwa da tsakar dare ita ce, me ya sa ni? Na ji matan da ke cewa wataƙila alhakin iyayensu ne ya kama su. Wannan tunani ba shi da madogara. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani, kuma Allah ba Ya mayar da yaro bulalar dukan uwarsa. Annabawa ne aka fi jarraba, wasunsu ta hanyar 'ya'yansu, kamar Annabi Nuhu da Annabi Yaƙub. Jarrabawar kuma ba ta iyaye kaɗai ba ce. Suratu Abasa ta sauka ne saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), wanda ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganin manyan gari sun fi cancantar a saurara. Duk ajin da ke da yaro irin nawa, malaminsa yana cikin jarrabawa. Haka maƙwabcin da ke hana 'ya'yansa wasa da shi, da mai kula da sahu da ke korarsa daga masallaci.

Hukuma ma tana ciki. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuwa ƙalilan ne a cikinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga asibitocin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano. Uwar da ke ƙauye mai nisa ba ta isa can sai ta sayar da akuya. Ya kamata a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da malaman firamare su gane alamomin, su san inda za su tura.

Ina roƙon malamanmu na mumbari su faɗa wa jama'a ƙarara cewa kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa halal ne kuma ba abin kunya ba ne, domin kalmarsu ta fi ta likita shiga gidajenmu. Ina roƙon iyaye maza su raka matansu asibiti, su ji bayanin da kunnensu. Ina roƙon kakanni su ci gaba da addu'a, su sauke zargi daga kan surukansu. Ke kuma 'yar'uwa da ake kawo miki ƙarar ɗanki kullum, ki kai shi a duba ji da ganinsa da jininsa, ki nemi a haɗa ki da masani, ki riƙe addu'arki. Amana ce aka ba ki, kuma za a tambayi kowannenmu yadda ya yi da abin kiwonsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yi musu adalci.